Yadda Chihiro ta fita daga Japan ba tare da an yanke mata ko minti ɗaya ba

A ranar 20 ga Yuli, 2001, aka fara nuna wani fim ɗin zane a gidajen silima na Japan, wanda Hayao Miyazaki ya rubuta labarinsa kuma ya ba da umarni, a ƙarƙashin kamfanin Studio Ghibli da shi da abokin aikinsa Isao Takahata da furodusa Toshio Suzuki suka kafa a 1985. Sunan fim ɗin a gida shi ne Sen to Chihiro no Kamikakushi, amma a nan Akra da Spirited Away muka san shi. Kafin a sauke shi daga allon silima, mutum fiye da miliyan 23 sun sayi tikitin kallonsa a Japan kaɗai, kuɗin da ya tara sun haura yen biliyan 30, ya ture Titanic daga matsayin fim ɗin da ya fi kowane kawo kuɗi a tarihin ƙasar, kuma ya riƙe wannan kambu shekara 19, sai a Disambar 2020 fim ɗin Demon Slayer ya karɓe shi.

Nasarar gida ba ta ba ni mamaki sosai, domin Miyazaki ya riga ya yi suna a wajen mutanensa tun kafin nan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda fim ɗin ya tsallaka teku da tsawonsa na minti 125 cif, babu wanda ya sa masa almakashi, alhali al'adar dillalan finafinai a wancan zamani ita ce su datse duk abin da suke ganin baƙo ba zai iya haɗiyewa ba. Wannan bai faru da sa'a ba. An sha rigima a kansa shekaru da dama kafin a zana Chihiro, yarinyar da fim ɗin ya ginu a kanta, kuma ko da aka hana almakashi, akwai wata ƙaramar ƙofa da aka bari a buɗe, wadda ta nan aka ɗan taɓa fim ɗin.

Ga wanda bai kalla ba, labarin wata yarinya ce 'yar shekara 10 mai suna Chihiro, wadda iyayenta suka ɗauko za su koma sabon gari, tana kwance a bayan mota tana ɓacin rai. Uban ya saki hanya ya bi wata ɓarauniya cikin kurmi, har suka iske wata doguwar ƙofa mai duhu, suka sauka suka ratsa ta da ƙafa, suka ɓulla wani gari da babu kowa. Uban ya ɗauka ɗaya ne daga cikin wuraren shaƙatawar da aka yi ta ginawa a Japan lokacin da kuɗi suka yi yawa, kafin tattalin arzikin ya faɗi a farkon shekarun 1990. Suka tarar da abinci a jere babu mai sayarwa, iyayen suka zauna suka hau ci, uban yana cewa ai akwai kuɗi da katin banki a aljihunsa, kuma kafin dare ya gama rufawa sun rikiɗe sun koma aladu. Ashe garin na iskoki ne, kuma katafaren ginin da ke tsakiyarsa gidan wanka ne inda suke zuwa su huce gajiya, a ƙarƙashin wata matsafiya mai suna Yubaba.

Dokar wurin ita ce duk wanda ba ya aiki za a mayar da shi dabba, don haka wani yaro mai suna Haku ya koya wa Chihiro ta nace da neman aiki ko da an kore ta. Yubaba ta ɗauke ta, amma ta ƙwace yawancin sunanta ta bar mata guntu, ta koma Sen, domin da haka take mallake ma'aikatanta: wanda ya manta sunansa na asali ba zai ƙara gane hanyar gida ba. Daga nan yarinya ta shiga goge daɓe da wanke manyan kwamin wanka, tsakanin Kamaji, tsoho mai hannu shida da ke hura wutar dafa ruwa, da Lin, wadda ta zame mata yaya a wurin aiki, da wata halitta marar fuska da ke bin ta da zinariya a tafin hannu tana ƙi. Babu wani mugu da aka kashe a ƙarshe. Yarinyar ta yi aikinta, ta mayar da abin da aka sata ga mai shi, ta ba da haƙuri a madadin wani, ta tuna wa Haku sunansa, sannan ta ci jarrabawar da aka yi mata, aka sakar mata iyayenta.

Tarihin taurin kan Ghibli ya faro ne daga wani fim da Miyazaki ya yi a 1984, Nausicaä, labarin wata gimbiya a duniyar da guba ta lalata. Da aka kai shi Amurka a 1985, sai aka cire masa fiye da minti 20, aka sauya masa suna zuwa Warriors of the Wind, aka sauya wa gimbiyar suna zuwa Zandra, aka zubar da yawancin wuraren da ke bayyana dalilin da ya sa take kare kurmin da kowa ke tsoro, sannan aka zana wasu jarumai maza a bangon faifan waɗanda ko alamarsu babu a cikin fim ɗin. Wato an ɗauki labarin da ya ginu a kan neman sulhu tsakanin mutum da ƙasar da ya ɓata, an mayar da shi labarin faɗa na yara. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tun daga lokacin Ghibli ya kafa sharaɗi ga duk mai son rarraba finafinansa a waje, cewa ba za a yanke komai ba, kuma da wannan sharaɗi kamfanin Tokuma, wanda Ghibli ke ƙarƙashinsa a lokacin, ya ƙulla yarjejeniya da Disney a 1996.

An gwada ƙarfin sharaɗin a kan Princess Mononoke, fim ɗin 1997 da shi ma ya taɓa zama na ɗaya a Japan kafin Titanic ya zo. Disney ya miƙa shi ga reshensa Miramax, kuma shugaban reshen, Harvey Weinstein, wanda aka san shi da datse finafinan mutane, ya so a rage shi daga minti 133 zuwa 90. Amsar da Suzuki ya kai masa takobi ce irin ta mayaƙan Japan, tare da saƙon cewa babu yanka. An fitar da fim ɗin cikakke a Oktoban 1999, a gidajen silima kaɗan, kuma abin da ya samu a Amurka bai kai dala miliyan 3 ba. Mai lissafin kasuwa zai ce Weinstein ne ya yi gaskiya. Ni ban yarda ba, domin da an ba shi wuƙa da nama a wannan karo, da babu bakin hana na gaba, kuma da Chihiro ta iso mana babu tafiyar jirgin ƙasa, babu zaman da ta yi tana kuka tana cin dunƙulen shinkafa, domin irin waɗannan wurare ne mai almakashi ke fara kai wa hannu.

Turai ta riga Amurka karɓar Chihiro. A Fabrairun 2002 fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Berlin, wadda ya raba da Bloody Sunday na Paul Greengrass, abin da ba a saba gani ba ga fim ɗin zane a irin wannan taro, sannan a Afrilu aka fara nuna shi a Faransa da sunan Le Voyage de Chihiro. A Amurka kuwa, John Lasseter na kamfanin Pixar, wanda ya daɗe yana girmama Miyazaki, shi ya tsaya wa aikin ɗora muryar Turanci, Kirk Wise ya ba da umarni, aka fara nunawa a Satumbar 2002. Talla ba ta da yawa, kuma a wannan shekara gidajen da suka nuna shi a lokaci guda ba su wuce 151 ba, a ƙasar da manyan finafinai ke buɗewa a gidaje dubbai. Sai da ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin zane ranar 23 ga Maris, 2003, ya doke abokan takara huɗu da biyu daga cikinsu na Disney ne da kansa, sannan aka faɗaɗa shi zuwa gidaje fiye da 700, ya tashi da kimanin dala miliyan 10. Miyazaki bai halarci bikin ba. Kwana uku kafin nan Amurka ta fara kai hari Iraƙi, kuma bayan wasu shekaru ya bayyana cewa bai so ya ziyarci ƙasar da ke ruwan bama-bamai a kan Iraƙi ba ne.

To, ina ƙofar da aka bari a buɗe? Yarjejeniya ta hana cire hoto, amma fassara dole a yi ta, kuma duk inda mai magana ya juya wa 'yan kallo baya, ko ya fita daga allo, ana iya saka masa kalmomin da bai faɗa ba ba tare da leɓe ya tona asiri ba. A fim ɗin asali, lokacin da Chihiro ta fara hango ginin nan, ba a sa ta faɗi ko mene ne ba, domin ɗan Japan da ya ga labulen ƙofar da doguwar mafitar hayaƙi ya gane. A na Turanci an sa ta ce gidan wanka ne. Wannan ban ga laifinsa ba, tunda rubutun da ke jikin ginin ba kowa ke iya karantawa ba. Amma akwai inda ta ɗaga kai ta hangi wata doguwar halitta fara mai kama da maciji tana ratsa sama, aka sa ta furta cewa Haku ne, alhali a asali an bar mai kallo ya yi ta zato har zuwa lokacin da yarinyar za ta gane shi cikin jini da rauni. Wanda ya fi damuna shi ne na ƙarshe. A asali iyayen sun kira ta, ta waiwaya ta dubi ƙofar nan mai duhu, ta shiga mota suka tafi, ba a gaya maka ko ta tuna abin da ya faru ba, ko ta sauya, ko ba ta sauya ba. A na Turanci an ƙara wa uban magana cewa sabon gida da sabuwar makaranta abin fargaba ne, ita kuma aka sa ta amsa cewa tana ganin za ta iya. Jimla biyu kacal, amma sun rufe tambayar da mai fim ɗin ya bar wa yaro ya tafi gida da ita.

Ba a kan Chihiro aka fara wannan ba. Lokacin da Disney ya shirya Castle in the Sky na 1986 don kasuwar Amurka, an nemi Joe Hisaishi, makaɗin da ke yi wa finafinan Miyazaki kiɗa, ya sake tsara kiɗan ya tsawaita shi don ya rufe wuraren da babu sauti. A fassarar Kiki's Delivery Service ta 1998 kuma an ƙara wa kyanwar fim ɗin barkwanci da yawa, waɗanda daga baya aka cire yawancinsu da aka sake fitar da faifan a 2010. Duk abin ya taso ne daga tsoro guda, cewa yaro zai gaji idan aka yi shiru. Miyazaki kuwa da gangan yake barin shirun. A wata hira da mai sharhin finafinai Roger Ebert a 2002, ya tafa hannu, ya nuna cewa ɗan tsakanin da ke raba tafi da tafi shi yake nema, domin idan aka jera aukuwa a kan aukuwa babu numfashi, zuciyar mai kallo dakushewa take yi. Shi ya sa mafi kyawun wuri a fim ɗin, a ganina, shi ne inda Chihiro ta hau jirgin ƙasa mai bi ta kan ruwa, da tikitin da Kamaji ya ajiye shekara 40, ta zauna tsakanin fasinjoji masu kama da inuwa, ana wuce gida ɗaya a tsibiri, ana wuce tasha da wata yarinya a tsaye, rana tana faɗuwa, kusan babu mai cewa uffan har tasha ta shida. Babu abin da ya faru, amma yarinyar da ta sauka ba irin wadda ta kwanta a bayan mota ba ce, kuma ba a buƙaci kowa ya faɗa ba.

Mu a zangunan Akra ba ta ƙofar silima muka haɗu da fim ɗin ba. A shekarun da yake zagaya Turai da Amurka, yawancin tsofaffin gidajen silima na birnin sun rufe, wasu sun koma majami'u, kuma Silverbird na Accra Mall bai buɗe ba sai 2008. Faifai ne ya kawo mana shi, irin wanda ake cusa wa finafinai goma ko fiye a sayar a bakin titi wajen babban shataletalen Circle, daga baya kuma ya riƙa yawo daga waya zuwa waya da kwamfutocin ɗalibai. Wani ya samu mai muryar Turanci, wani mai muryar Japananci da rubutun fassara a ƙasa, wani kuma ya samu wanda rubutun ke riga magana ko ya makara. Saboda haka za ka iske mutum biyu a unguwar Nima ko Mamobi suna gardama a kan ƙarshen fim ɗin, ɗaya yana rantsuwa cewa yarinyar ta yi magana a mota, ɗaya yana cewa ba ta yi ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Akwai wata damuwa da ba ta shiga lissafin Disney ba, amma ita ce ta farko a gidajenmu. Wani kawuna ya shigo ya tarar da yaran gida suna kallo daidai lokacin da iyayen Chihiro suka koma aladu, ya tsaya ya ce mini, "Kai ɗan nan, me kake nuna wa yara haka?" Na ce, "Kawu, ka ɗan zauna ka gani, mutane ne suka ci abin da ba nasu ba, ba su nemi izini ba." Ya zauna, kuma bayan ɗan lokaci shi ne ya riƙa yi wa yaran bayani, domin tsarin labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi da tatsuniya: yaro ya ratsa iyakar da ba a ratsawa, magariba ta riske shi a inda bai kamata ba, tsohuwa ta ba shi aiki mai wuya, ladabi da rashin kwaɗayi suka fitar da shi. Inda ya kamata babba ya buɗe baki shi ne batun baƙin gidan wankan. A addinin gargajiya na Japan, wato Shinto, ana ɗaukar cewa kogi da dutse da itace suna da abin bauta a cikinsu, kuma Yubaba da bakinta ta ce gidanta na hutun alloli miliyan takwas ne. Wannan ba aƙidarmu ba ce, kuma ba na goyon bayan a ɓoye wa yaro ta hanyar lanƙwasa fassara. Gara a gaya masa kai tsaye cewa wasu mutane a wata ƙasa haka suka yi imani, mu kuwa ga abin da muka yi imani da shi. Yaron zango da ke zaune da maƙwabta 'yan kabilar Ga, yana ganin bikinsu na Homowo kowace shekara, yana kuma sanin lokacin da ake hana kiɗa kafin bikin, ba yau ya fara sanin cewa maƙwabci na iya riƙe abin da shi bai riƙe ba.

Wurin da na tabbata mun fi ɗan kallon Amurka saurin ganewa shi ne zuwan baƙon nan mai wari. Wata halitta ce ta taɓo da ƙazanta ta doso gidan wankan, ma'aikata suna toshe hanci suna gudu, aka tura Sen ta wanke ta saboda ita ce sabuwa. Cikin wankin ta taɓa wani ƙarfe da ya cake a jikin baƙon, aka ɗaura igiya, duk ma'aikatan gidan suka taru suka ja, sai ga keke ya fito, bayansa tarin shara iri-iri, gwangwanaye da tayoyi da tarkacen kayan gida, daga ƙarshe sai ga fuskar wani tsohon kogi ta bayyana a wanke, ya yaba, ya tashi sama. Miyazaki ya faɗi cewa ya samo wannan ne daga aikin share wani kogi da ya taɓa shiga a unguwarsu, inda suka ciro keke daga cikin taɓo da igiya. Duk wanda ya taɓa shiga aikin gayya a babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi ya san nauyin abin da ake cirowa, ya kuma san inda sauran ke tafiya, wato kogin Odaw, daga nan zuwa tafkin Korle. Mun ga abin da toshewar wannan hanya ta taimaka wajen jawowa a daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka kashe mutum fiye da 150. Labarin Haku ya fi wannan ciwo, domin shi ma kogi ne, Kohaku, wanda Chihiro ta faɗa ciki tana ƙarama garin ɗauko takalminta ya turo ta gaɓa, amma daga baya aka cike shi aka gina gidajen bene a kai. Shi ba wanki yake buƙata ba, wurin komawa ne babu. A birnin da ake gini a kan magudanan ruwa, a ƙasar da haƙar zinariya ta galamsey ta mayar da kogunan Pra da Ankobra da Birim launin koko, wannan sashe bai buƙaci a ƙara masa ko kalma ɗaya ba.

Sauran tafiyar fim ɗin a duniya ta zo a makare amma da ƙarfi. Ƙasar Sin ba ta nuna shi a silima ba sai ranar 21 ga Yuni, 2019, shekara 18 bayan fitowarsa, kuma duk da cewa da yawa daga masu sayen tikitin sun riga sun gan shi a faifan bayan fage tun suna yara, ya doke Toy Story 4 da suka buɗe rana ɗaya, ya tara kusan dala miliyan 70, wato ninkin abin da ya fara samu a Amurka har sau bakwai. Ghibli ya daɗe yana ƙin sakin finafinansa a intanet, daga baya ya sassauta, a farkon 2020 kuma ya amince wa Netflix da guda 21 a ƙasashen da ba Japan da Amurka da Kanada ba, har da nahiyarmu. An saka Chihiro ranar 1 ga Maris, kuma kafin watan ya ƙare an rufe makarantu a Ghana saboda annobar korona, an kuma sa dokar zaman gida a Akra da Kumasi daga ranar 30, don haka yara da yawa a nan a wannan zaman suka fara ganinta ta halastacciyar hanya. Abin da taurin kan 1996 ya haifar ya fito fili a 2023, lokacin da aka saki The Boy and the Heron a Japan da hoton talla guda ɗaya tak, babu ko gajeren bidiyon ɗanɗano, sannan ya buɗe a matsayi na ɗaya a Amurka a Disamba, ya kuma ci wa Miyazaki Oscar na biyu a Maris 2024 yana da shekara 83.

Netflix ya sanar da rubutun fassara cikin harsuna 28 da ɗora murya cikin harsuna har 20, kuma babu Hausa a ciki. Kasuwar kuwa ba sai an ƙirƙiro ta ba. Mun ga yadda Kumkum Bhagya ya tsayar da ciniki a kasuwanni da Adom TV ya fara nuna shi da Twi a 2015, kuma fassarar finafinan Indiya da ake yi a Kano, wadda Algaita ya fi shahara da ita, tana da masoya a kowane zango daga nan har Tamale. Sai dai gwanintar wannan salo a cike gurbi take, a jefa habaici inda babu, a raɗa wa jarumi laƙabi, a sa ɗan sanda ya yi karin magana, kuma a fim ɗin faɗa ko na barkwanci abin yana armashi ƙwarai. Idan aka yi wa Chihiro haka, ɓarnar za ta fi ta Disney nesa ba kusa ba, ko da ba a cire daƙiƙa ɗaya ba. Mai fassara ta zuwa Hausa, bayan ya nemi izinin masu ita, babban aikinsa shi ne ya kame bakinsa a cikin jirgin nan, ya bar Yubaba da kaifin harshenta da kuma sanyin muryarta idan tana lallashin jaririnta, ya samo wa Kamaji muryar tsohon da ke faɗa da baki yana taimako da hannu, wanda ba mu rasa irinsa a unguwa ba, kuma kada ya sa wa yarinyar wa'azi a baki a ƙarshe, domin jarabar yin haka a wurinmu ta fi ta Amurkawa ƙarfi.

Kafin a samu wannan, shawarata ga mai son kallo da iyalinsa ita ce, idan yaran sun iya karatu da sauri, a zaɓi muryar Japananci da rubutun fassara, wanda ake iya sauyawa daga wurin zaɓen harshe a Netflix. Idan ƙanana ne, muryar Turancin ba ta da laifi, an yi ta da kulawa, sai dai babba ya san wuraren da aka yi ƙari. A kuma lura da sashen da halittar nan marar fuska ta haɗiye ma'aikata ta koma bin Sen tana amai, da wanda Haku ya faɗo jina-jina, domin suna iya firgita yaron da bai kai shekara shida ko bakwai ba, musamman idan da dare ake kallon.